Idan Intanet Ta Yanke Ko Wuta Ta Ɗauke, Ina Makomar Sana'a?



Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, ana kwanakin farko na azumi, intanet ta yi rauni ƙwarai a Gana da Najeriya da Kwaddibuwa da wasu ƙasashen yankinmu. Manyan wayoyi huɗu da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku ne suka lalace: WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. Ta cikinsu ne saƙon WhatsApp da bayanan banki suke fita zuwa ƙetare. Gyaran ya ɗauki makonni, domin sai jirgin ruwa na musamman ya je ya ɗago wayar daga ƙasan teku ya haɗa.

Ba wannan ne karo na farko da abin da ya faru a teku ya tsayar da aiki a Tamale ba. A watan Agusta 2012 ƙugiyar wani jirgi ta fasa bututun gas da ke zuwa daga Najeriya, kusa da gaɓar Togo. Injinan lantarki suka rasa gas, ga ruwan Akosombo yana ja da baya a shekarun da suka biyo, sai dumsor ya zauna mana har wajen 2016.

To, me ya sa abin ya fi zafi yanzu? Domin sana'a ta koma cikin waya. MTN ta kawo MoMo a 2009, yau tela a Bulpiela yana karɓar samfurin ɗinki ta WhatsApp, mai kayan miya tana karɓar kuɗi ta waya, mai hatsi a kasuwar Aboabo yana tura wa abokin cinikinsa kuɗi bai tashi daga shago ba. Sauƙi ne babba, amma duk ya rataya a kan wuta da layi.

Abin yi na farko shi ne littafi. Awon kwastoma, kuɗin da ya ajiye, da bashin da ake bin ka, a rubuta su a takarda ko da suna cikin waya. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, a kan rubuta bashi take.

Na biyu, a san bambancin hanyoyi. Manhajar waya tana buƙatar data, amma lambar *170# ta layin kira take bi. Kuma kada ka saki kaya don an nuna maka saƙo a waya, ka duba asusunka da kanka. Masu damfara suna son lokacin ruɗani.

Na uku, kada tela ya sayar da keken ƙafa don ya sayi na lantarki, haka ma dutsen guga na gawayi. Aikin da ke cin wuta a yi shi lokacin da take nan, yanka da sa maɓalli a bar su sai ta ɗauke. Masu gida su koya wa yaran shago hanyoyin biyu.

Idan kuma aiki ya tsaya duk da haka, ka kira mai kaya tun da wuri ka faɗa masa gaskiya. Wanda ya ji labari saura kwana goma Sallah zai iya neman wani tela, wanda ya ji a jajibere kuwa an cuce shi.

Allah ya sa albarka a nemanmu.