Jinya Ba Ta Ƙarewa A Ƙofar Asibiti

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, maganarmu ta wannan mako tana fuskantar 'ya'yanmu ɗaliban makarantun jinya da kiwon lafiya, da iyayensu 'yan kasuwa da ma'aikata, a kan mas'alar naƙasa da farfaɗo da wanda ta sama.

Mu ɗauki misalin ɗan kasuwa wanda hawan jini ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki. An kai shi asibiti, an ceto ransa, an sallame shi. Sai dangi su ce magani ya ƙare, saura haƙuri. Alhali kuwa a nan ne sauran rabin aikin yake farawa.

A shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsari mai duban naƙasa ta fuska uku. Ta farko, lahani a jiki, watau hannu da ƙafar da suka shanye. Ta biyu, gazawa wajen ayyukan yau da kullum, kamar alwala da sa riga. Ta uku, yankewa daga jama'a, har mutum ya daina zuwa rumfarsa da sahun salla. Wannan ta uku, sau da yawa mu ne muke jawo ta, domin matakala goma a ƙofar masallaci ko ofis ta isa ta tsare mai keken guragu a gida.

Saboda haka wajibi ne ɗalibi ya riƙe abu uku. Na ɗaya, a fara da wuri, da zarar likita ya ba da izini, domin galibin ƙarfin da ke dawowa cikin wata 3 zuwa 6 na farko yake dawowa. A riƙa juya majinyaci duk bayan awa 2 gudun gyambon kwanciya, a riƙa motsa masa gaɓɓai kada su sandare. Na biyu, a tambaye shi abin da yake burin komawa gare shi. In ya ce rumfa, sai a tsara gashi da motsa jiki a kan tafiya da ƙidayar kuɗi. Na uku, aikin na taro ne: likita, da mai gashi, da mai koyar da magana, da iyali. Amma iyali su sani, yi masa kowane abu saboda tausayi yana iya zama cutarwa. Abin da zai iya da kansa, a bar shi ya yi, ko da zai daɗe.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya karanta fiƙihu. Shari'a tana duban abin da ya saura ga bawa: wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune, wanda ya kasa zama ya yi a kishingiɗe. Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da aka saukar da farkon Suratu Abasa a kansa, ladani ne tare da Bilal, kuma Annabi ya sha barinsa wakili a Madina. Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya sa wa makafi 'yan jagora, guragu masu hidima, ya yanka wa kutare abin masarufi don su bar bara.

A watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya, wadda ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ma'aikaci ya duba ofishinsa, ko an cika wannan? Ɗan kasuwa kuma, sadakar ranar Juma'a alheri ce, amma jari ko gurbin aiki a rumfa ya fi ta daɗewa. Kwamitin masallaci shi ma ya gina gangara kusa da matakala.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.