Daga Landan zuwa Faris a kan keke: Yadda tsohon layin dogo ke ciyar da ƙauyukan Faransa

Daga Wakilinmu a Landan

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san irin matsayin da keke ya taɓa riƙewa. Akwai lokacin da idan malamin makaranta ko ma'aikacin En'e ya sayi sabon Rali, sai an bi shi har gida an yi masa murna, kuma ba ya yarda ko ƙararrawar yaro ya taɓa. Amma tun da babur ya shigo, sai keke ya koma abin hawan wanda ba shi da hali, ta yadda a yau idan aka ga mai muƙami a kansa sai a fara tambayar ko lafiya.

A nan Turai lamarin ya sha bamban. Idan mutum ya je bakin kogin Thames da sassafe a lokacin bazara, gindin ƙaton lilon nan da ake kira London Eye, zai tarar da mutane maza da mata, har da tsofaffi masu furfura, kowa da kekensa da jakunkuna biyu a rataye a kariya, wai Faris babban birnin ƙasar Faransa suka nufa. Hanyar da suke bi ita ake kira Avenue Verte, wato koriyar hanya, wadda aka buɗe a shekarar 2012, shekarar da Landan ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik. Tsawonta ya kusa kilomita 400 idan aka bi gajeren reshe, ya kuma haura 460 idan aka bi dogon, ban da ketare teku. Ke nan mai karatu ya ƙiyasta kamar tafiya ce daga Kano zuwa Abuja.

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, don haka ni da abokaina biyu, ɗaya Bakano ɗaya kuma mutumin Maraɗi wanda ya zame mana tafinta saboda yana jin Faransanci, muka ɗaura niyya muka bi wannan hanya cikin kwana biyar.

Ɓangaren Ingila

Kwana biyun farko a cikin Ingila muka yi su, kuma su ne suka fi ba mu wahala, saboda cunkoson unguwannin kudancin Landan da kuma tuddan da ke bayansu. Sai da muka shiga yankin Sussex sannan muka samu sa'ida, inda hanyar ke hawa kan tsofaffin layukan dogo guda uku da aka mayar na masu keke da masu tafiya a ƙasa, wato Worth Way da Forest Way da Cuckoo Trail. Waɗannan layuka an rufe su ne a shekarun 1960, a zamanin da shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya, Dokta Richard Beeching, ya fitar da rahotonsa na 1963 da ya ba da shawarar rufe dubban kilomitoci na layukan da ba sa kawo riba. Wani abin mamaki shi ne shi kansa Beeching a garin East Grinstead yake zaune, garin da biyu daga cikin layukan nan suka haɗu.

Daga nan sai tashar ruwa ta Newhaven, inda jirgin fito ke ɗaukar mutum da kekensa ya sauke shi a Dieppe bayan kimanin awa huɗu. Wanda zai yi tafiyar ya tuna cewa agogon Faransa yana gaba da na Ingila da awa guda, sannan da zarar ya sauka sai ya koma hannun dama kamar yadda ake tuƙi a Nijeriya da Nijar, domin a Ingila hannun hagu ake bi.

Cikin ƙauyukan Nomandi

Dieppe tsohon garin masunta ne da ke da alaƙa da Afirka ta Yamma, domin ɗaruruwan shekaru da suka wuce jiragen garin suna kawo hauren giwa daga gaɓar tekunmu, masu sassaƙa suna sarrafa shi, kuma har yau ana ajiye da irin waɗannan kayayyaki a gidan tarihin da ke cikin tsohuwar fadar da ke kan tudun garin. A bakin ruwan nan ne kuma sojojin ƙawance, akasarinsu 'yan Kanada, suka kai farmakin ranar 19 ga Agusta 1942 wanda suka yi mummunar asara a cikinsa.

Da mutum ya fita daga garin kaɗan, sai ya hau ɓangaren da kowa ke yabo. Sama da kilomita 40 ne na kwalta mai santsi daga kusa da Arques-la-Bataille zuwa Forges-les-Eaux, ba mota ba babur, a kan tsohon layin dogon da ya haɗa Dieppe da Faris. Da yake jirgin ƙasa ba ya son hawa mai tsanani, hanyar a shimfiɗe take, ko wanda ya daɗe bai taka feda ba zai iya. Dama da hagu kuwa makiyaya ce kore shar, da shanun Nomandi masu dabbare-dabbare, da gonakin tuffa. A Mesnières-en-Bray hanyar na wucewa ta gaban wata fada ta ƙarni na 16, sai kuma Neufchâtel-en-Bray, garin da ya yi suna wajen wani cuku da ake yi da siffar zuciya. Shi kuwa Forges-les-Eaux ruwan ƙasarsa mai sinadarin ƙarfe ne ya fito da shi, har Sarki Louis na 13 ya je shan magani a can a shekarar 1633.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda mutanen waɗannan ƙauyuka suka mayar da masu keke abin samun na cefane. Wasu tsofaffin tashoshin jirgi sun zama wuraren cin abinci, manoma sun gyara ɗakuna a gidajensu suna saukar baƙi, ga masu hayar keke da masu gyara. Akwai wata alama ta ƙasa baki ɗaya da ake kira Accueil Vélo, ma'ana maraba da mai keke, wadda ake bai wa masauki ko gidan abinci idan bai wuce nisan kilomita 5 daga hanya ba, kuma yana da wurin ajiye keke a kulle da kayan gyara. Hikimar a bayyane take: mai mota yana iya ratsa ƙauyuka ashirin bai sayi ko ruwa ba, amma mai keke dole ya tsaya ya ci, ya sha, ya kwana, kuma ba ya iya ɗaukar guzuri mai yawa.

Sai dai ƙauye ƙauye ne ko a Turai. Mun koyi darasi a rana ta uku da muka isa wani gari da misalin ƙarfe ɗaya na rana cikin yunwa, muka tarar da kantin garin a rufe, domin a can kantuna da yawa sukan rufe da tsakar rana, haka nan da yammacin Lahadi, wasu ma har Litinin. Tun daga ranar ba mu sake wuce mai burodi da safe ba tare da mun saya ba. Wani dattijo da ya ga gorunanmu babu ruwa ya nuna mana maƙabartar garin, ashe akasarin maƙabartunsu akwai famfo saboda masu ban-ruwan furanni, sai dai a duba ko an rubuta cewa ruwan ba na sha ba ne. Naman halal kuma yana wuya a ƙauyuka, don haka kifi da ƙwai da cuku da burodi muka dogara da su har muka kusa Faris.

Bayan Gournay-en-Bray hanyar ta rabu biyu. Reshen gabas ya bi ta Beauvais da Senlis da Chantilly, ya ratsa Auvers-sur-Oise inda mai zanen nan Vincent van Gogh ya rasu a 1890. Mu kuwa reshen yamma muka bi, ta Gisors da kwarin kogin Epte, wanda ya fi gajarta. Rassan biyu suna haɗuwa a wajajen Conflans-Sainte-Honorine a bakin kogin Seine, daga nan a bi gefen ruwa a shiga Faris ta Saint-Denis, a ƙare a gaban majami'ar Notre-Dame, wadda gobara ta ci a watan Afrilun 2019 aka kuma sake buɗe ta a Disambar 2024.

Sauran hanyoyi da ƙa'idoji

Avenue Verte ɗaya ce daga cikin hanyoyi masu yawa. Akwai La Loire à Vélo mai tsawon kimanin kilomita 900 da ke bin kogin Loire da fadojin sarakunansa har bakin teku. Akwai La Vélodyssée da ta tashi daga Roscoff ta bi gaɓar tekun Atlantika sama da kilomita 1,200 zuwa Hendaye a kan iyakar Sifaniya. Akwai ViaRhôna daga tafkin Janeba zuwa Bahar Rum, sai kuma gefen Canal du Midi, magudanar jiragen ruwa mai kilomita 240 da aka haƙa tsakanin 1666 da 1681. Al'adar ma ta daɗe, domin tun ƙarshen ƙarni na 19 wani mutumin Saint-Étienne mai suna Paul de Vivie ya riƙa yaɗa yawon buɗe ido a kan keke, kuma an fara gasar Tour de France a 1903, gasar da a 2007 aka tashe ta daga nan Landan.

Ga 'yan uwa mazauna Birtaniya da ke sha'awar gwadawa, mai fasfo ɗin Nijeriya ko Nijar sai ya nemi bizar Schengen tun da wuri, domin takardar zama a Birtaniya ba ta shigar da mutum Faransa. Haka kuma tun daga Janairun 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, an hana matafiyi shiga da nama ko madara, don haka mai kilishi ya cinye abinsa kafin ya hau jirgi. Dokar Faransa ta wajabta hular kwano ga yaro ƙasa da shekara 12, ta wajabta riga mai ƙyalli idan ana tafiya da dare a wajen gari, ta kuma hana sa abin sauraro a kunne. Direba kuwa dole ya bar tazarar mita ɗaya da rabi idan zai wuce mai keke a wajen gari. Kada a manta da famfo da kayan faci, domin babu mai faci a gindin bishiya kamar yadda muka saba.

Ina muka kwana a gida?

Duk tsawon tafiyar nan hirarmu ba ta wuce gida ba. Mu ma muna da layin dogon da aka yi watsi da shi. Turawa sun shimfiɗa siririn layi daga Zariya ta Rahama zuwa Jos domin kwasar kuza, wanda ya isa can a 1914 aka kuma rufe shi a 1957. Ga layin Kano zuwa Nguru da na Zariya zuwa Ƙauran Namoda da suka daɗe ba sa aiki yadda ya kamata. Idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 2001 Ministan Sufuri na lokacin, marigayi Cif Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran jama'a su rungumi keke, har wata motar bas ta ture shi cikin kwata a Abuja yana kan hanyar zuwa aiki, aka mayar da abin na dariya. Amma darasin da ke ciki shi ne ba a cewa mutane su hau keke alhali ba a ware musu inda za su bi ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, ma'aikata da ɗalibai da dama sun koma wa keke ba don suna so ba, suna kuma gogayya da manyan motoci da masu A Daidaita Sahu a kan titi ɗaya. Gaskiya ne babu mai maganar yawon keke a dazukan Zamfara da Katsina matuƙar ba a samu tsaro ba. To amma ware wa masu keke gefen titi a cikin Kano da Zariya da Sakkwato bai jira wannan ba, kuma kuɗinsa bai kai na gadar sama guda ba. Ya rage ga gwamnonin jihohi da shugabannin ƙananan hukumomi su duba, tun kafin a ci gaba da asarar rayukan talakawa a kan hanya. Allah Ya sa a gyara.