Farautar Beyar da Kyamara a Gaɓar Tekun Alaska

A watan Yulin 1988, wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Thomas Mangelsen, ya shafe kwanaki a tsaye kan dandamalin katako da ke bakin gangaren ruwan Brooks, cikin gandun daji na Katmai a jihar Alaska. Abin da yake jira bai kai ƙiftawar ido ba: kifin salmon ya yi tsalle daga ruwa, beyar ta buɗe baki, kifin na rataye a iska dab da haƙoranta. A zamanin fim ne, don haka sai da aka wanke shi kafin ya tabbatar ya dace. Hoton nan ya zagaya duniya, kuma har yau mutane na tururuwa zuwa Katmai da burin samun irinsa.

Beyar mai launin ruwan ƙasa dabba ce mai kaurin gashi da tozo a kafaɗa, da farata masu tsawo. Ƙaton namiji a gaɓar teku yakan haura kilo 450, kuma duk da nauyin nan yana iya gudun kilomita 50 a awa. An ƙiyasta akwai kimanin 2,200 a Katmai. Babu hanyar mota da ta haɗa gandun da manyan hanyoyin jihar. Ƙaramin jirgin sama ne ke ɗauko mutane daga garuruwa irin su Homer ko Kodiyak, ya sauka a kan tafki, ko a kan rairayin gaɓa idan teku ta janye. Matuƙin yakan yi lissafin lokacin dawowar ruwa, domin in ya makara, filin saukar ya zama teku.

Me ya sa dabba mai wannan ƙarfi take barin mutum ya zauna kusa da ita da kyamara? Amsar tana cikin cikinta. Beyar ta gaɓar teku ƙosasshiya ce. A watan Yuni takan yi kiwo a fadamun Hallo Bay, tana cin ɗanyar ciyawa kamar saniya, in ruwa ya janye kuma ta tona laka ta ciro halittun teku masu ɓawo. A Yuli kifin salmon yakan taso daga teku zuwa rafuka domin yin ƙwai. Idan kifi ya yawaita, beyar har zaɓe take yi: ta ci fata da ƙwaƙwalwa da ƙwai, inda kitse yake, ta bar sauran wa tsuntsaye. Tana tara wannan kitsen ne don barcin hunturu na watanni, inda takan rasa kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyinta. Da yake abinci ya wadata, dabbobin sun saba cin abinci kusa da juna, wannan haƙurin ne kuma yake shafar ɗan Adam.

Masu sana'ar ɗaukar hoton beyar sun san cewa aikin nasu zama ne. Ayari yakan taru wuri guda a fili, inda iska za ta kai wa beyar ƙanshinsu, don kada a ba ta mamaki. Ba a gudu, ba a shiga tsakanin uwa da 'ya'yanta, ba a barin ko ɓawon alewa a ƙasa. Dokar Katmai ta hana matsawa kusa da beyar ƙasa da yadi 50. Kusancin da ake gani a hoto aikin dogon gilashin kyamara ne mai jawo nesa. Mai hoto yakan zauna kan jiƙaƙƙen yashi, ruwan sama na dukan rigarsa, yana goge gilashi, yana lura da kunnuwan dabbar. In ta kwantar da su baya, ko ta fara haɗa haƙora da ƙara, to ta gaji da baƙo.

A kogin McNeil, maƙwabcin Katmai, ƙuri'a ake yi, mutum goma kacal ke shiga a rana tare da ma'aikacin gandu. Kullum wuri ɗaya suke zama, har dabbobin suka san inda mutum yake da abin da zai yi. Ba a taɓa samun beyar ta raunata baƙo a can ba.

Wani mutum mai suna Timothy Treadwell ya bi wata hanyar. Damina goma sha uku ya yi yana zaune cikin beyar na Katmai, yana raɗa musu sunaye, yana taɓa wasu da hannu. A Oktoban 2003, lokacin da kifi ya yi ƙaranci, dabbobi kuma na cikin yunwar shirin hunturu, beyar ta kashe shi da abokiyar tafiyarsa Amie Huguenard a Kaflia Bay. Ma'aikatan da suka zo ɗaukar gawarwakin sun harbe beyar biyu. Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma a dajin nan ba mutum kaɗai ke biyan kuɗin sabon ba, har da dabbar da ya ce yana ƙauna.

Beyar da ta wuce ta gaban kyamara ba tare da ta ɗaga kai ba, ba ƙawance ta ƙulla da kowa ba. Cikinta ne a cike, mutumin da ke zaune kuma bai yi abin da zai dame ta ba. Mai hoton da ya gane haka shi ne yake komawa jirgi da hotunansa kafin teku ta dawo.