Admiral: Malam-buɗe-littafin da ke ƙaura daga Afirka zuwa Turai

Duk shekara, da zarar sanyi ya fara ja da baya a Turai, wani malam-buɗe-littafi mai baƙaƙen fukafukai da jan ratsi yakan taso daga Arewacin Afirka da kudancin Turai ya nufi arewa. Wasu sukan kai har Birtaniya da ƙasashen Sikandinebiya.

Turawan Ingila suna kiransa Jan Admiral, wato da muƙamin babban hafsan sojin ruwa. Masana kimiyya kuwa suna ce masa Vanessa atalanta, kuma masanin halittu ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ne ya fara rubuta bayaninsa a 1758.

Ana samunsa a Turai da Asiya da Arewacin Afirka da Arewacin Amurka. Saboda haka yana cikin malam-buɗe-littafin da aka fi sani a duniya.

Asalin sunan

Masana sun rabu biyu kan sunan. Wasu sun ce jan ratsin ne ya yi kama da tutar manyan sojin ruwa na da. Wasu kuma sun ce wata kalmar Ingilishi ce mai nufin abin sha'awa baki ya gajarce ta.

Marubucin nan ɗan asalin Rasha, Vladimir Nabokov, wanda shi ma masanin waɗannan halittu ne, yana cikin masu ra'ayi na biyu. Ya kuma ba da labarin cewa a Rasha an taɓa ɗaukarsa alamar bala'i, domin ya yi yawa a 1881, shekarar da aka kashe Sarki Alexander na Biyu.

Yadda yake rayuwa

Rayuwar Jan Admiral ta dogara ne da wani tsiro mai ƙaiƙayi da ake kira Urtica, wanda manoma ke ɗauka ciyawar banza. A kan ganyensa macen ke saka ƙwai ɗai-ɗai.

Idan tsutsar ta ƙyanƙyashe, sai ta naɗe ganyen da wani zare da take fitarwa, ta mayar da shi kamar bukka. A ciki take ci, a ciki take ɓuya daga tsuntsaye, har ta rikiɗe ta fito da fukafukai.

Wanda ya girma yana shan ruwan furanni, kuma yana matuƙar son ruɓaɓɓun 'ya'yan itace da suka faɗo ƙasa. Da ƙafafunsa yake ɗanɗana abinci. Namijin kuma yakan kama wuri da yamma, ya riƙa korar duk wani namiji da ya gitta.

Danginsa a sassan duniya

A Indiya da Gabashin Asiya akwai Vanessa indica. A tsibiran Kanari da Madeira akwai Vanessa vulcania. A tsaunukan Habasha da Gabashin Afirka akwai Vanessa abyssinica.

Tsibirin Hawai na Amurka yana da nasa, wanda aka raɗa wa sunan Sarki Kamehameha, kuma a 2009 jihar ta ayyana shi a matsayin ƙwaronta na hukuma.

A New Zealand akwai Vanessa gonerilla, wanda 'yan ƙabilar Mawori ke kira kahukura, wato jan mayafi. A 2024 jama'ar ƙasar suka zaɓe shi gwarzon ƙwaro na shekara.

Akwai kuma masu farin ratsi da ake kira Farin Admiral, amma su zuriyarsu daban ce, ta Limenitis. Ɗaya daga cikinsu a Arewacin Amurka yana da kama biyu: na arewa yana da farin ratsi, na kudu kuwa ba shi da shi, ya ɗauki kamannin wani malam-buɗe-littafi mai guba don tsuntsaye su ƙyale shi.

Ɗan'uwansa da ke zuwa Sahel

Wanda ya fi kusa da ƙasar Hausa a wannan dangi shi ne Vanessa cardui. Binciken da masani ɗan ƙasar Sifaniya, Gerard Talavera, ya yi tare da abokan aikinsa ya nuna cewa yana tsallake hamadar Sahara daga Turai, ya zo ya hayayyafa a yankin Sahel bayan damina. Jikokinsa ne ke komawa arewa.

A 2013 Talavera ya tarar da wasunsu a bakin teku a Giyana ta Faransa da ke Kudancin Amurka. Sakamakon da aka wallafa a 2024 ya nuna cewa daga Afirka ta Yamma suka taso, suka ratsa kilomita 4,200 na Tekun Atlantika da taimakon iska.

Abin da ke damun masana

A da, Jan Admiral ba ya iya jure hunturun Birtaniya. Yanzu da ɗumamar yanayi ta rage tsananin sanyi, da yawa suna zama a kudancin Ingila har shekara ta zagayo.

A ƙidayar da ƙungiyar Butterfly Conservation ke shiryawa duk shekara, inda mutane ke ɗaukar minti 15 suna ƙirga waɗanda suka gani, shi ne ya zo na ɗaya a 2023. Masana sun danganta hakan da sauyin yanayi.

Shekara guda bayan nan, a 2024, ƙidayar ta samu adadi mafi ƙanƙanta tun da aka fara ta, har ƙungiyar ta ayyana halin gaggawa, ta kuma nemi gwamnati ta haramta wasu magungunan feshi masu kashe ƙwari.

A New Zealand ma kahukura yana raguwa. Ana share tsiron da yake ci, sannan wani ƙaramin zanzaro da aka shigo da shi don ya kashe tsutsar kabeji ya koma yana kashe nasa 'ya'yan.

Masana suna sa ido kan malam-buɗe-littafi ne saboda yana saurin nuna alama idan muhalli ya fara lalacewa, kuma feshin da ke kashe shi yana taɓa ƙudan zuma da sauran ƙwarin da ke yi wa amfanin gona barbara. Shi ya sa ƙungiyoyin kare muhalli a ƙasashen biyu ke roƙon masu lambu da su bar ɗan gefe guda ga tsiron nan mai ƙaiƙayi, kada su nome shi duka.