Kwarkwatar Kifi a Tafkin Ƙungiya

'Yan'uwa manoma, kamar yadda kaska ke damun shanu, haka kifin da mu ke kiwo ya ke da tasa kwarkwata. Wata 'yar halitta ce mai faɗi, tsawonta wajen milimita 5 zuwa 10, ana iya ganinta da ido. Takan manne a jikin kifi ko a gindin ƙayarsa, ta huda fata, ta riƙa shan jini.

Ga alamunta: kifi yana goga jikinsa a duwatsu ko gefen tafki, yana tsalle ba dalili, ya rage ci, jajayen tabo kuma su bayyana. Ta wurin waɗannan raunuka waɗansu cututtuka su kan shiga. Manyan kifi su rame, ƙanana kuwa su mutu, kuɗin ƙungiya ya tafi a banza.

Abin lura shi ne, macen ba ta yin ƙwai a jikin kifi. Takan sauka ta jera su a kan duwatsu, itace da ciyawar ruwa, su ƙyanƙyashe bayan 'yan makonni. Saboda haka wanda ya cire ta daga kifi kaɗai bai gama aiki ba, gama 'ya'yan suna nan tafe.

Ga abin da za a yi:

1. A kakkafa sanduna ko katako cikin tafki. Kowane mako a fitar da su, a shanya a rana sosai, a sa waɗansu. Ƙwan da ke kansu zai mutu. A ci gaba da haka har wajen mako 6.

2. Idan kifin kaɗan ne, a cire kwarkwatar da hantsaki a hankali.

3. Bayan an kwashe kifi, a zubar da ruwa, a bar ƙasan tafki ya bushe har ya tsattsage.

4. Sababbin 'ya'yan kifi a ware su a wani wuri dabam mako 2 ko 3, a duba su kafin a haɗa.

Kada a zuba maganin feshin gona cikin ruwa. Zai kashe kifin, ya kuma cuci iyalin da za su ci. In abin ya yi yawa, sakataren ƙungiya ya nemi malamin kifi na yankinku.

Allah shi sa albarka ga aikin hannuwanmu.