Kalmomin Rage Daraja: Abin Da Kudancin Kaduna Ya Gani A Takarda Da A Ƙasa

Duk wanda ya taɓa zama a teburin fassara a gidan jarida ya san wahalar da wasu kalmomin Ingilishi kan ba mutum, musamman dangin nan masu farawa da "de", watau irin su "devalue" da "debase" da "degrade" da "demote". Bature ya raba wa kowace aikinta. Ta farko ta kuɗin ƙasa ce. Ta biyu an fi saninta wajen surka azurfa da jan ƙarfe, kamar yadda Sarki Henry na 8 na Ingila ya yi wa kuɗin ƙasarsa tun daga 1544. Ta uku kuwa daga Latin ta fito, daga kalmar da ke nufin matakala, watau a sauko da mutum daga hawan da yake.

Mu ma muna da namu: algus, ƙasƙanci, wulaƙanci, rage girma, zubar da mutunci. Amma akwai bambanci. Da ka furta ɗaya daga cikinsu, mai sauraro zai tambaye ka wa ya yi, kuma wa aka yi wa. Na Ingilishi kuwa, in suka shiga takardar gwamnati, sai su fito sumul kamar ba hannun kowa a ciki. Mutanen Kafanchan da kewaye sun daɗe da sanin haka, domin a jikinsu aka gwada.

A watan Satumba na 1986 gwamnatin Janar Babangida ta buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje. A farkon 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba, amma a gwanjon farko sai ga ta ta haura naira 4. Masana suka yi ta kiran abin da sunansa na Turanci, Bahaushe kuwa ya ce an karya darajar naira, kuma ina ganin shi ya fi faɗin gaskiya. Ma'aikacin reluwe a Kafanchan, garin da ya tashi saboda mahaɗar jirgin ƙasa tun 1927, albashinsa na nan yadda yake a takarda, alhali kuwa buhun shinkafa da maganin asibiti sun gagare shi. An ce manomin citta na Kachia da Kwoi zai amfana tun da kayansa waje ake kai su, sai dai shi ma taki da gishiri a sabon farashi yake saye.

Amma wannan ƙarami ne a kan abin da ya gabace shi. Turawan mulki sun jera sarakunan Arewa hawa-hawa: mai sanda mai daraja ta ɗaya, da ta biyu, da ta uku. Wannan jeri shi ke yanke albashin sarki, da ƙarfin kotunsa, da inda zai zauna a taro. Kagoro da Moroa da Jaba sun ci gaba da zama da sarakunansu, amma a hawan ƙasa. Sauran al'ummomi da yawa kuwa an bar su ƙarƙashin hakiman Zazzau ko sarautar Jama'a, kuma a rahotannin Razdan da Di'o duk an haɗa su a kalma guda, "pagan". Abin mamaki, asalin wannan kalma a Latin ba ta nufin kome illa mutumin ƙauye. Sannu a hankali ta zama tambarin wanda ba a ɗauke shi a bakin kome ba.

A nan ya kamata mu masu magana da Hausa mu faɗa wa kanmu gaskiya. Bature bai zo mana da raini a jirgin ruwa ba. Ya tarar da kalmar "arna" a bakinmu, abin da ya ƙara shi ne ya sa ta a fayil ya buga mata hatimi. Zagi na baka iska kan tafi da shi, amma na fayil shi ke nuna wanda zai karɓi haraji da wanda zai biya, da wanda zai yi shari'a da wanda za a gurfanar. Wannan ƙorafi yana cikin abin da ƙananan ƙabilun Arewa suka kai gaban Hukumar Willink a 1957 zuwa 1958, kuma bai mutu ba har ya zama ɗaya daga cikin itatuwan da suka rura wutar rikicin Kafanchan na Maris 1987 da na Zangon Kataf na 1992, inda aka yi asarar rayuka daga kowane ɓangare.

Sai a 1995, zamanin Kanar Lawal Ja'afaru Isa, aka ba Atyap da Bajju masarautunsu. Gwamna Ahmed Makarfi, wanda ya hau a 1999, ya ƙirƙiro wasu, ya kuma ɗaga darajar sandunan wasu. To, ka ga ko gyaran ma da matakalar nan ta Bature aka auna shi.

Gyaran sunaye kuwa jama'a ne suka yi shi da kansu. Wanda a dā ake ce masa Kaje yanzu Bajju yake amsawa, Kataf ya ce shi Atyap ne, Jaba ya ce Ham. Bayan an cire Jihar Katsina a 1987, sunan Kudancin Zariya ma ya ja baya, Kudancin Kaduna ya maye gurbinsa. Amma har yau a jerin ƙananan hukumomi da ke cikin tsarin mulkin 1999, Zangon Kataf da Jaba ne a rubuce.