Kishin Ƙasa: Gaba Yake Kai Jama'a ko Baya?

Wasu masana siyasa na ganin kishin ƙasa da na ƙabila ra'ayin riƙau ne tun daga tushe, domin duk inda aka ce "mu" an ware wasu gefe. Suna kafa hujja da Jamus ta Hitler daga 1933, da mulkin wariyar launin fata da aka kafa a Afirka ta Kudu a 1948. Hujja ce mai nauyi, amma tarihin Ghana ya nuna maganar ba ta tsaya nan ba.

A daren 6 ga Maris, 1957, Kwame Nkrumah ya shaida wa taron jama'a a Accra cewa 'yancin Ghana ba shi da ma'ana sai an haɗa shi da 'yantar da Afirka baki ɗaya. Kishin da ya kori Turawan Ingila shi ne ya buɗe ƙofa ga 'yan gwagwarmayar wasu ƙasashe, har suka yi babban taro a birnin a 1958.

Shekara 12 bayan 'yanci, ga rashin aiki ga matsin tattalin arziki, gwamnatin Kofi Busia ta fitar da doka a Nuwamban 1969: duk baƙon da ba shi da takardun zama ya fice cikin mako biyu. 'Yan kasuwa Yarabawa da Hausawan zango, wasunsu can aka haife su, suka karyar da kayan shago, suka ɗaure tabarmi da tukwane a kan manyan motoci. A Janairun 1983, da kuɗin man fetur ya ja baya, gwamnatin Shehu Shagari a Najeriya ta yi irin haka. Kimanin 'yan Ghana miliyan ɗaya suka bar Najeriya, dubbai na kwana a tashar jiragen ruwa ta Apapa suna jiran jirgi.

Tuta ɗaya ce a 1957 da 1969, abin da ya sauya shi ne wanda aka nuna wa yatsa. Da farko mai mulki aka tunkara, daga baya maras galihu. Laifi tudu ne, shugabanni sukan taka nasu su hango na baƙo.

Saboda haka kishin ƙasa ba ya zuwa da alƙiblarsa, mutane ke ba shi ita. Ma'auninsa tambayoyi biyu ne: wa aka sa cikin "mu", kuma me aka tanadar wa wanda ya rage a waje? Amsarsu ke bambanta mai neman haƙƙi da mai neman wanda zai ɗora wa laifi.